Sandar Auta a Bakin Murhu

Yayar mijina ta ƙone wa 'yata sandar hoki, da gangan, a gaban mata, kuma har yau ban yafe ba. Masu zuwa min da wa'azin zumunci su adana yawunsu. Na san zumunci, a gadon bayana na ɗauke shi shekara da shekaru.

Ga yadda muke da ita. Ita ce babba a gidansu, kowa Yaya yake ce mata. Ɗan ƙasa ta aura, Balaraben Saudiyya, 'ya'yanta duk 'yan ƙasa ne, babban ɗanta kuwa shi ne kafilin mijina, wato mai tsaya masa a wajen hukuma. Iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, gaba ɗaya, ni da maigida da yara, a hannun wannan ɗan nata take rataye. Mu muna unguwar Sa'alaba ta Jidda a ɗaki biyu, ita tana unguwar Bagdadiyya a bene. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce mu bayinta ba ne, don ba sai ta faɗa ba. In sha'ani ya tashi a dangi, suna ko biki ko mutuwa, waya kawai za ta ɗaga ta ce, “Ku zo da wuri.” Ma'anarsa ni tukunya, 'ya'yana mata zuba gahawa da wanke-wanke. Haka al'adar take a cikinmu, matar ƙane da 'ya'yanta mata su ne hannun gida. Nata na cikinta kuwa suna kan kujera cikin abaya mai ƙamshi suna amsa gaisuwa.

Sai da na haura arba'in na riƙe alƙalami, a makarantar manya ta yamma a Waziriyya. Shekarata ta farko, jarrabawa ta faɗo ranar bikin 'yar Yaya. Da na gaya mata sai ta yi dariya har da riƙe ciki. “Gandamemiya da ke, in kin ci jarrabawar wa zai ba ki kujera? Albasa na jiranki.” Na yanka albasa, na maimaita aji. Hannun da ke rubuta wannan, da ƙyar ya ƙwaci kansa daga bakin tukunya.

'Yar tawa, Auta, a nan Jidda aka haife ta. Tana jin Hausa tas, amma in za ta mayar sai ta cakuɗa da Larabci. Lokacin da yayyenta mata suka yi makaranta, ko tsalle yarinya ba ta isa ta yi a fili ba. Ita ta taki sa'a, an buɗe wa mata wasanni tana tsakiyar karatu. Wata Bamisira da yara ke kira Kabtin ta zo makarantarsu da buhun sanduna, kowace kanta a lanƙwashe kamar ƙwagirin tsoho, da ƙaramar ƙwallo mai tauri kamar dutse. Hoki ke nan. Auta ta kama shi kamar dama can shi take jira.

Ƙofar an buɗe ta, amma ba kowa ke wucewa ba. 'Yan mata biyu na layinmu da suka fi Auta gudu, a bakin filin aka tsayar da su, ba su da iƙama. Wadda ta shiga kuma, baki na jiranta. Ranar da na fara zuwa kallo, Auta ta duƙa tana jan ƙwallo a tsakanin ƙafafun yara, ba wadda ta iya ƙwacewa. Wata uwa a gefena ta ce wa ƙawarta da Larabci, a zatonta ba na ji, “Waɗannan ai shara a jininsu take, dubi yadda ta iya duƙawa.” Na juya na ce mata da harshenta, “Gaskiyarki. Ga shi ta share 'yarki ta wuce.” Ta ja jakarta ta sake wuri.

Kabtin ta ga abin da na gani. Ta ba Auta sandarta ta kanta, ta katako, wadda ta yi wasa da ita tana budurwa. Mariƙin ya goge, Auta ta yage tsohon gyalena ta naɗe shi. Ko yayyenta ba ta bari su taɓa.

Sai Kabtin ta sanar cewa ranar Juma'a da la'asar za ta zaɓi waɗanda za su shiga ƙungiya, su ne za su je gasa Riyad. Wadda ba ta zo ba ta cire kanta. Ranar Laraba kuma aka yi mutuwa. Kawun mijin Yaya ne, tsoho tukuf, Allah ya jiƙansa, mutumin da ko a hanya ya gamu da Auta ba zai san 'yar waye ba. A nan zaman makoki kwana uku ne, rana ta uku ake babban girki a ciyar da jama'a a tashi. Ta uku ta faɗo Juma'a, kuma a gidan Yaya ake zaman.

Laraba da Alhamis Auta ta tsaya da butar gahawa a hannun hagu, ƙananan kofuna a dama, tana bin mata layi-layi har ƙafarta ta kumbura. Ba ta yi ƙorafi ba. Juma'a da safe ta naɗe sandarta cikin zane, muka taho da ita, ta ɓoye ta a bayan tankin ruwa. Ni ba na yin abu a ɓoye, don haka na hau bene na sami Yaya tana turara abaya.

“Yaya, Auta za ta fita da la'asar. Kafin magariba ta dawo, kafin baƙi su cika.”

“Ina za ta?”

“Fili. Yau ake zaɓen 'yan wasa.”

Ta ajiye kaskon turare ta dube ni tun daga sama har ƙasa. “Ƙasar kabarin mutum ba ta bushe ba, 'yarki za ta je tana zabga gudu da sanda kamar mai korar awaki? Aib.”

“'Ya'yanki maza jiya ina suka kalli ƙwallo? Har nan muna jin ihunsu daga shagon shayi.”

“Su maza ne.”

“Mamacin na mata ne kaɗai?”

“Ke dai tun da kika koyi alif da ba bakinki ya yi tsawo. Na ce ba za ta ba. Halas, magana ta ƙare.”

Na bar ta da turarenta. Na sauka.

A filin bayan gidan ake girkin. An kafa manyan tukwane biyu a kan duwatsu, ɗaya shinkafa da wake irin ta Larabawa don dangin mijinta, ɗaya tuwo don namu, ana hura wuta da fasassun katakai. Bayan azahar na shiga ciki ɗauko man shanu. Da na fito sai na ga abin mamaki: Yaya a bakin murhu, matar da ko hayaƙin turare ya yi yawa sai ta yi tari. Tana tsaye tana murmushi. Wata tsohuwa da aka ɗauko aikin wuta tana duƙe tana iza itace da wani abu dogo. Na gane tsumman gyalena a hannunta kafin in gane sandar.

Kan ya riga ya yi baƙi, wuta na lasarsa. Auta ta zo daga bayan tanki da zanen da babu komai a ciki, ta tsaya cak.

“Umma,” ta ce, “sandata.”

Na fizge ta daga hannun tsohuwar na tsoma a bahon wanke-wanke. Ta yi cuuu, hayaƙi ya tashi. Tsohuwar ta ce, “Wallahi Hajiya ce ta ba ni, ban san ta wani ba ce.”

“Ni na ba ta,” in ji Yaya. “Itace na gani yana zaman banza.”

Wata daga cikin masu tuƙa tuwo ta ce, “To ai yau dai ta yi amfani,” aka kwashe da dariya. Matan da na yi wa wankan jego, matan da na yi jinyar iyayensu, su ne masu dariyar.

Na ce, “Yaya, kin ci amana. Abin da kika yi ko kafiri ba zai yi wa yarinya ba.”

Ta matso har ina jin ƙamshin turarenta, ta sassauta murya, amma ta tabbatar Auta na ji. “Ki iya bakinki. Watan gobe iƙamar mijinki za ta ƙare. Ɗana yana jin maganata.”

Da ni kaɗai ta gaya wa, da na ja hannun 'yata mun fita, da sanda ko babu, Kabtin ba ta rasa ta aro. Amma na ce muku Auta tana jin Hausa tas. Na kama hannunta na ce, “Yalla, mu tafi.” Ta zare shi a hankali.

“La, Umma. Baba fa?”

Ta ninke zanen, ta wanke fuska, ta ɗauki butar gahawa ta hau bene. Aka kira la'asar tana zuba wa Gwaggonta kofi na farko. Ko hawaye ɗaya ba ta bari sun gani ba. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba, ya fi min ƙunar katakon zafi: an sa yarinya ta auna kanta da ubanta a sikeli, ta ajiye kanta.

Al'ada ba ta ƙare da cin tuwo ba. Washegarin uku, matan ƙanne da 'ya'yansu ke komawa su kankare tukwane a mayar wa waɗanda suka ba da hayarsu. Wadda ba ta zo ba, kamar ta tsaya a tsakar gida ne ta ce ta fita daga dangi. Ban taɓa fashi ba, ko da tsohon ciki.

Da asuba na zauna a bakin ƙofa da wuƙar yankan albasa ina kankare gawayi daga kan sandar. Kan ya sirance, gefe ɗaya ya tsage, amma lanƙwasar na nan. Maigida ya dawo masallaci ya same ni.

“Maman yara, ki yi haƙuri. Yayata ce.”

“Yayarka ce, ba Ubangijina ba.”

“In ɗanta ya ƙi sabunta mana fa? Ina za mu?”

“Wa zai ɗauko masa kaya daga tashar jirgin ruwa a kuɗin da yake ba ka? Yana buƙatar bayanka kamar yadda uwarsa ke buƙatar nawa. In kuma ya ƙi, ya ƙi. Jiya 'yarka ta bar filinta dominka. Kai me za ka bari dominta?”

Ya tsura wa sandar ido. Wayata ta yi ƙara. Yaya ce.

“Tukwane na jira,” ta ce, ko sallama babu.

“Su jira. Kina da 'ya'ya mata, kowace da hannu biyu.” Na kashe.

Na san Asabar da safe waɗanda aka zaɓa ke fara horo. Na tashi Auta na ce ta sa takalminta. Ta ce, “Umma, an gama zaɓe.” Na ce, “Ni ban gama ba.” Na gaya wa maigida ko ya kai mu a motar kayansa ko mu hau bas. Ya ɗauki makulli. Muna tafe wayarsa na ta kuka a aljihu, bai ɗauka ba.

Mun tarar da yara sun yi layi a fili, Kabtin na tsaye da usur a wuya. Na ratsa ta tsakiyarsu riƙe da hannun 'yata, na miƙa mata sandar. Ta jujjuya ta, ta shafa ƙunar da yatsa, ta dubi Auta, ta dube ni. Na ce mata da Larabcin makarantar yamma, “Ga sandarki, ga abin da aka yi mata jiya. Ga yarinyar, ita ba ta ƙone ba. Ki gwada ta kafin ki rufe ƙofa.” Sannan na shimfiɗa gyalena a bakin layin fili, na zauna, na miƙe ƙafa.