Ranar da Na Hana Nafisa Sauka Gaida Alhaji

Ko zan manta da komai a aikin nan, ban da ranar da na tsaya a bakin lifta, na'urar hawa benen otal, ni da ko kafaɗarta ban kai ba, na ware hannuwa na tare 'yar wasan da ta fi kowa tsawo a kulob ɗinmu. Ku da kuka fara aiki a wannan shekara ta gasar cin kofin duniya kun tarar da Doha ta cika ta batse, ba ku ga zaman da muka yi lokacin korona ba. To ku gyara zama.

Ni dai aikina tausa ne da ɗaurin bandeji. A kulob ɗin ƙwallon kwando na mata, manaja ce a sama, sai koci, sai likita, sannan mu 'yan ƙarƙashin likita. Da aka yarda a dawo da wasanni, sai aka gindaya sharaɗi: kowane kulob za a yi masa gwajin korona, a killace shi a otal har a gama gasa. Ba mai shigo mana, ba mai fita, abinci ma sai na kicin ɗin otal. Wadda ta haɗu da wani na waje, ko gaisawa ce kawai, za a ware ta a ɗaki ita kaɗai, kuma kafin kwanakinta su cika an gama gasar.

Nafisa 'yar Kaduna ce. Ta bar gida tun tana ƙaramar budurwa, ta buga a Angola, ta buga a Masar, ta buga a Turkiyya. A Romaniya korona ta riske ta, aka dakatar da wasa, aka sallami baƙi, ta koma gida da ciwon gwiwa, ga shekaru sun haura talatin. A wannan sana'ar kuwa talatin tsufa ne. Kulob ɗinmu gwaji ya ɗauko ta: ta buga wannan gasa, in ta yi a ba ta kwantiragi, in ba ta yi ba a raka ta filin jirgi. Ranar farko da ta hau teburina ban san daga ina take ba, sai da na danna gwiwar na ji ta ce wayyo Allah. Na ce mata sannu 'yar nan. Wallahi saura kaɗan ta faɗo daga teburin. Tun daga ranar na zama Anti Balaraba, ita kuma ta zama nauyi a wuyana.

Akwai wani mai gadi a ƙofar otal ɗin, Sabi'u, Basakkwace, mutumin kirki amma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Shi ya baza wa 'yan'uwa cewa ga 'yar Hausa an kawo daga Turai za ta buga ƙwallo. Magana ta kai kunnen Alhaji Sule, dattijon da ke da gareji a Sanaiyya, unguwar masana'antu, wanda ya fi kowannenmu daɗewa a ƙasar nan. Duk Bahaushen da ya sauka Doha, shi ne ubansa. A wurinsa, a ce 'yar gida ta zo gari ba a je an yi mata sannu da zuwa ba, abin kunya ne da zai bi shi har Najeriya.

Ranar Juma'a, ana gobe wasanmu na farko, da aka sauko daga masallaci sai ga Alhaji a farfajiyar otal, shi da matarsa Hajiya Asabe, da kuloli cike da bayan mota. Tuwon shinkafa, miyar taushe, har da dambun nama. Ya ce wa Sabi'u a kira masa yarinyar. Sabi'u ya san dokar sarai, shi ne ma aka ajiye ya tsare ta. Amma ya dubi furfurar Alhaji ya ce masa a'a? Ina! Sai ya rusuna ya ce to Baba, tana nan saukowa. Ya kira ɗakinta ya ce ga manya a ƙasa, ya ajiye waya, ya bar wa Allah sauran.

Ina fitowa daga ɗakin tausa na gan ta ta yafa gyale a kan rigar atisaye, tana sauri. Na tambaye ta ina zuwa, ta gaya mini, na sha gabanta. Na ce in kin taka ƙasa kin gama wasa a Katar, kin sani. Ta ce ta sani, minti biyu ne kawai, ba mai gani. Na nuna mata kyamarar da ke saman kanmu. Sai idonta ya kawo ruwa.

"Anti, ƙasa huɗu na zauna, ko sau ɗaya ba a taɓa zuwa ƙofata an yi sallama ba. Yau dattijo yana tsaye a rana saboda ni, ki ce in zauna a sama kamar marar tarbiyya?"

Na ji tausayinta har cikin raina, amma ban matsa ba. Na ce ki ɗauke ni ki ajiye gefe in za ki iya, na san kina iyawa. Dariya ta kama ta tana hawaye. Na ce ta ba ni ɗan lokaci.

Na karɓi lambar Alhaji wurin Sabi'u, bayan na wanke shi tas a waya. Da ƙyar na kira, don ni ma ba a haife ni da gaya wa manya a'a ba. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ina ta kewaye-kewaye, har sai da ya ce Malama, lafiya dai? Sai na rufe ido na zayyana masa komai: killacewar, gwiwar, kwantiragin, da abin da zai faru in ta sauko. Ina gamawa na ɗauka ya yi fushi da ni. Ashe ya yi, amma ba da ni ba.

"Yanzu don Allah ni kuka mayar dodo? Da na kashe wa yarinya hanyar abincinta a kan tuwo fa? Ki gaya mata in ta sauko ban yafe ba."

Duk da haka ban so ya koma haka nan ba. Na je wurin likitarmu, 'yar Tunisiya, na yi mata bayani. Su ma sun san girman baƙo, ba ta ja ba. Ɗakin motsa jiki na otal ɗin yana ƙasa, bangonsa gilashi ne da ke kallon wurin ajiye motoci, kuma yana cikin yankinmu. Ta ce halas, a kulle ƙofar, ita za ta tsaya shaida.

Haka aka yi. Alhaji da Hajiya a waje, Nafisa a ciki, waya a kunnen kowa. Tana ganinsu ta zube ƙasa ta durƙusa, a kan gwiwar nan da muka yi makonni muna lallaɓawa. Kocinmu, Baturiya ce 'yar Sabiya, ta shigo daidai lokacin, ta dafe kai tana salati irin nasu, tana tambaya wa ya kayar mata da 'yar wasa. Na ce ba wanda ya kayar da ita, gaisuwa take yi. Ta ce gaisuwar ba ta da ta tsaye? Na ce akwai, amma ba ga wannan ba. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutan Kaduna ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ɗaga murfin kula ta kara kular a gilashi don a gani, Nafisa ta haɗiyi yawu, mu ma muka haɗiya. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, har koci ta sunkuyar da kai. Tuwon kuwa masu gadi suka ci, kuma an ce Sabi'u ne ya fi kowa loma.

Washegari na naɗe gwiwar da kyau, ta shiga fili babu ɗan kallo ko ɗaya. Ta tsaya ƙarƙashin kwando kamar an dasa ta, duk ƙwallon da ya dawo sai a hannunta. Ba mu ci kofin ba, kada in yi muku ƙarya, amma kafin a buɗe mu manaja ta kira ta ofis. Ta fito ta rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ta yi kaka biyu da mu, daga nan wani kulob a Faransa ya ɗauke ta, tana can har yanzu.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba gwiwa kaɗai ake ɗaure wa 'yar wasa ba. Yarinyar da ta yi shekaru tana yawon ƙasashe tana iya jure ciwo da sanyi da zagin 'yan kallo, amma sallama ɗaya da harshen uwarta sai ta sa ta jefar da komai. Wani ne zai tsaya mata a ƙofa, wani ne kuma zai cire kunya ya gaya wa babba gaskiya. Mu duka muna tsoron ɓata wa Alhaji rai, alhali shi abin da ya ɓata masa rai shi ne da ba a gaya masa ba.