Layin Malam a hannun wani

'Yata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, don ban yi boko ba. Na ce mata kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Mijina, Malam, direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani babban ma'aikacin gwamnati a Maitama, shi ne ma ya ba shi babbar waya. A cikinta Malam ya tara hotunan sunan jikokinmu da na ɗakinmu na Durumi. Da ya ga ina tuntuɓe a karatun sallah, sai ya naɗi gajerun surori da muryarsa. Bayan asuba yakan kunna mini, ina bi, yana shan kunu yana gyara mini.

Babban ɗanmu, wanda ke aiki a ma'aikata, shi ya haɗa wayar da wata ma'ajiya ta intanet. "Baba, ko ta faɗa rijiya, komai yana nan a ajiye," in ji shi.

Da Allah ya karɓi Malam, ƙaninsa ya kashe wayar ya kulle ta a akwati. Ya ce kayan mamaci ba a taɓawa sai an raba gado. Na roƙe shi ya bar mini ita ko don surorin nan.

"Matar Yaya, ki yi takabarki," ya ce. "Ba a wasa da haƙƙin magada."

Na gama takaba, damina ta zo ta wuce, ana jiran dangi daga Katsina. Da suka iso aka ce a sayar da wayar a raba. Na ce ban yarda ba. Ɗana ya dafa ni ya ce, "Inna, ki bari, ai komai yana intanet." Aka cire sim ɗin, aka kai ta kasuwar Utako, aka goge ta tas aka sayar.

Ranar da na ce wa ɗana ya kunna mini muryar ubansa, sai ya hau sosa ƙeya. Ya manta kalmar sirrin da shi da kansa ya saka. Masu ma'ajiyar suka ce za su aika wasu lambobi zuwa layin Malam, da su za a buɗe. Muka sa sim ɗin, shiru. Ashe layin da ya daɗe a kashe, kamfani janye shi yake yi ya ba wani. Shi mai ilimin bai san haka ba? Wata nawa wayar tana kwance a akwati, bai buɗe baki ba!

Na ce ya kira lambar, ni zan yi magana. Wani mutum ya ɗauka, Hausarsa a karye. Jin wata murya a lambar Malam, sai da na zauna.

"Bawan Allah, layin mijina ne, ya rasu. Za a aiko maka da lambobi, ka karanta mana kawai."

"Mama, kai ma? Jiya wani ya ce daga banki. Yau kuma miji ya mutu."

"Wallahi ba damfara ba ce. Ka zo Durumi ka gan ni."

"Oga ɗinki ya ba ki aiki mai kyau. Har da kuka!"

Ya kashe. Muka sake kira, ya toshe mu.

Ban ga laifinsa ba, ko ni aka kira haka ba zan yarda ba. Fushina yana kan ƙanin Malam da ya kulle akwati, da ɗana da ya lallashe ni na yi shiru. Har yau ɗan nawa cewa yake ba abin da ya ɓata, komai yana nan, buɗewa ce ta gagara. Na ce masa ya daina faɗa mini haka. Ya kawo mini karatun wani babban malami a sabuwar waya, murya mai daɗi. Na mayar masa. Ina sallah da abin da na riƙe, inda na yi tuntuɓe kuma na wuce haka nan.