Kwalbar da Gwaggo ke ce wa madara

Tun ranar da kwalbar nan ta shigo gidanmu ban yarda da ita ba. Ba takarda a jikinta, ba suna. Tsohuwar kwalbar maganin tari ce aka wanke, aka ɗura mata wani ruwa mai rawaya-rawaya, aka toshe bakin da leda kafin a murɗa marfi. Ni kuwa abin da ba shi da suna ba na ci, ba na shafawa.

Lokacin na gama sakandare, ina zaune wurin Gwaggo, yayar babana, a Gidan Igwai. Sana'arta alawar madara da gullisuwa. Ita ke tuƙawa, ni ke murzawa in yanka in ƙulla a leda, masu shagunan bakin titi su aiko a ɗauka. Wadda take zuba wa dakakkiyar gyaɗa ita aka fi so. Da gyaɗa ta yi tsada, ga suya da daka na cinye mana rabin yini, sai wata maƙwabciya ta ba ta labarin wani mai sayar da kayan kek da filebo wajen Ƙofar Taramniya. Wai yana da abin da in kin zuba kaɗan, alawa za ta yi ƙamshin soyayyiyar gyaɗa. Gwaggo ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da kwalba.

Na ce, "Gwaggo, mi sunan abin ga?"

"Madara ta, in ji mai shi."

"Madara? Wace saniya ka ba da madara mai warin gyaɗa?"

"Ke dai bakinki ya hi ki girma. Mi muka tuƙawa nan in ba madara ba? Na madara na, shi ya sa ya ce hakanan."

Gaskiya ƙamshin ya yi. Ana buɗe marfi sai ka rantse ana suyar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Wannan ma ya ƙara mini zargi, don ban ga yadda ruwa cikin cokali zai cika gida har zaure ba. Ya kama hijabina, ya kama gashina. In na shiga Islamiyya ƙawayena su ce mai ƙuli-ƙuli ta iso.

Kicin ɗinmu ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ita ma Gwaggo ta toshe ta da kwali saboda ƙudaje. A nan take durƙusawa kan tukunya, gawayi na ci, ta cika marfin kwalbar ta juye cikin narkakken suga yana tafasa. In ta gama ta ɗora kwalbar a kan kantar da ke daidai saman wuta. Wani lokaci ma babban yatsa take sawa ta toshe bakin ta girgiza, ta lasa.

Ba a jima ba tari ya fara. Busasshen tari, mai hana ta ƙarasa magana. Idanunta kullum ja, fatar yatsan nan ta yi fari tana saɓulewa. Gwaggo mace ce da ko mura ba ta cika kamawa ba, sai ga shi tana sallah ina jin ƙirjinta na fito kamar an matse usur.

Na ce kwalbar ce. Ta ce gawayin bana ne ba shi da kyau. Aka canza gawayi. Ta ce ruwan sanyi ne, ta daina sha. Daga nan ta fara kallon katangar maƙwabciyar nan tana cewa mutane ba su son ganin kasuwar mutum ta buɗe. Kowa ya sha zargi a gidan nan, kwalba ce kawai ta tsira.

Sai kuma ta fara cewa ƙamshin ya ragu. Ni da na shigo daga waje sai ya buge ni har kaina ya sara, ita da ta yini a ciki ba ta jin komai. Hancinta ya saba, amma ba ta yarda ba. Marfi ɗaya ya koma biyu. Wani mai shago ya aiko cewa alawa ta fara ɗaci kamar ta ƙone. Ranar ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta dube ta, ta dube ni.

"Ɗiyar ga, hwaɗa min gaskiya. Ke ka ƙara mata ruwa?"

"Ni? In da zan taɓa ta, masai zan juye ta, ba ruwa zan ƙara ba."

"Tun da ta zaka gidan ga kika ƙinta."

"Awo, ina ƙinta. Ki saurari ƙirjinki, Gwaggo."

Daga ranar ta koma kulle kwalbar a akwatinta. Ni kuma na koma leƙen ta in ga marfi nawa take zubawa. Muna ci a kwano ɗaya, kowa na gadin kowa.

Wata ranar da azahar ina yanka alawa a tsakar gida na ji muciya ta faɗi. Na shiga na tarar da ita zaune a ƙasa, ta dafe ƙirji, hawaye na zuba, bakinta a buɗe tana neman iska. Ta sunkuya ne ta shinshina ko ƙamshi ya kama, tururin ya doke ta a fuska. Na janyo ta waje, na cire mata ɗankwali, na dinga kwarara mata ruwa a ido buta bayan buta. Tana cewa in kawo kwalli, ina cewa ba kwallin da zai shiga idon nan. Da numfashinta ya ɗan dawo na tare keke napep muka tafi asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ta wanke idon, ta saurari ƙirjin, ta tambayi mene ne ta shaƙa.

Gwaggo ta ce, "Madara."

Matar ta dube ni. Na miƙa mata kwalbar, don na ɗauko ta kafin mu fito. Ta buɗe ta rufe da sauri, ta ce mu je mu samo sunan abin a inda aka saya, kuma kada ta sake kusantarsa.

Washegari muka je Ƙofar Taramniya. Gwaggo ta je ne don ta kama mai shagon da sirka mata ruwa, ni na je neman suna. Saurayi ne mai yawan ladabi, irin ladabin da ke sa in ƙara riƙe jakata. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya kawo benci. Na ce ya nuna mini inda yake ɗebowa.

"Malama, ai sirrin kasuwa na."

"Malam, sirrin kasuwarka na cikin ƙirjin uwata. Ɗauko."

Ya yi ta kewaye-kewaye. Yana magana ina duba shagon, sai na hango safar hannu ta roba da takunkumi rataye a ƙusa bayan kanta. Na nuna masa. Na ce waɗancan na kwalliya ne? Sai ya shiga ciki ya fito da wata gorar ƙarfe. Takardar jikinta ta ɗan goge, amma alamomin na nan cikin jan zane: harshen wuta, da alamar gargaɗi. Sunan dogo ne, ƙarshensa firazin. A ƙasa an rubuta kada a shaƙa, kada ya taɓa ido ko fata, kada a haɗiye shi, a ajiye nesa da wuta. Na tuna kantar da ke saman gawayi.

Na karanta wa Gwaggo da Hausa. Saurayin ya buɗe hannuwa.

"Hajiya, ai na hwaɗa miki madara ta! Madara, ba a sirka ba. Kamar madarar turare da mata ka saye su yi humra. Ɗigo kaɗan za ki sa cikin kwalbar mai, cikin man nan kuma ki ɗiba kaɗan."

"Kai ɗan nan, ni mai alawar madara ka ce ma madara, mi kaka so in ji? Wa madara ta taɓa shaƙewa?"

"Wallahi na zaci kin gane."

Ban sani ba ko ya zaci ta gane, ko dai ya ga tana dawowa saye akai-akai ya yi shiru. Mutumin da ke sa safa kafin ya ɗura abu, ya miƙa wa tsohuwa a kwalbar maganin tari. Na ɗauki hoton takardar da wayata, yana cewa Malama don Allah, ban ko kalle shi ba.

Da muka koma asibiti da hoton, suka ba ta magani, suka ce ta bar aiki a rufaffen ɗaki. Na yage kwalin taga da hannuna, na fito da murhu tsakar gida. Muka koma suyar gyaɗa ta gaske. Gwaggo ta ce ta mayar masa da kwalbar. Ban ga lokacin da ta fita ba, kuma akwatinta har yanzu a kulle yake.

Matsalar ita ce yanzu gidan kullum ƙamshin gyaɗa yake, hancina ba zai iya bambance ta kasko da ta kwalba ba. Don haka na daina shinshine-shinshine. In ta tada sallah sai in shimfiɗa dardumata dab da tata, kafaɗa da kafaɗa, ina saurare. Fiton nan ya tafi. Tarin ya ragu sosai, sai jefi-jefi.

Rannan ta yi guda ɗaya tana tuƙi, na ajiye wuƙa na ɗago kai.

Ta ce, "Hayaƙi na, 'yar sanda. Yanka alawarki."

Na ci gaba da yanka, amma na matso da kujerata kusa da ita.