Dokta Smith da Shanun Alhaji Agali

Har yau ban manta da wata Laraba ba, jajiberin kasuwar Maigatari, gab da Babbar Salla. A lokacin ina malamin dabbobi, wato mai taimaka wa likita. Ni ke kama dabba, ni ke allura, ni ke tafinta in an samu baƙo. Ku da kuka zo bayanmu kun san ƙa'ida, amma bari in faɗa saboda waɗanda ba 'yan aikin ba. Duk garken da ya ƙetaro daga Nijar sai an duba shi kafin ya shiga kara, wato kasuwar dabbobi. Mai lafiya ya wuce, wanda ake shakka a killace shi a bayan gari har a ga abin da hali zai yi.

A shekarar aka turo mana sabon likita. Da labari ya zo daga Gumel cewa sunansa Dokta Smith, kowa ya ɗauka Bature ne, har shugabanmu ya sa aka nemo kujera mai taushi. Sai ga mutum ya sauko daga motar haya, baƙi kamar ni, yana tambayar inda zai yi alwala. Yusuf Smith ke nan, mutumin Legas. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. 'Yan kara suka kasa faɗin sunan, suka mayar da shi Simit.

Ranar da nake ba ku labari, wani dattijo Buzu, Alhaji Agali, ya iso da garke mai kyau daga arewacin Damagaram. Muna zagayawa sai likita ya tsaya cak. Wasu shanu sun miƙe wuya, sun ware ƙafafun gaba, suna tari a hankali kamar ana matse musu ƙirji. Ciwon huhu ne, irin wanda saniya ɗaya ke rabawa ga duk wadda ta shaƙi numfashinta. Likita ya ce garken nan ba zai shiga kara ba.

Da na faɗa wa Alhaji Agali, ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Baba, likita ne ya ce, Dokta Simit."

Ransa ya ɓaci nan take. Ya ce tun yana yaro wani Nasara ya sa aka harbe wa mahaifinsa shanu da sunan ciwo, kuma ba zai sake miƙa dukiyarsa ga mai irin wannan suna ba. Ya ce a kora shanu, gida za su koma.

Ni na san ba gida za su ba. Daji za su bi su ɓulla kasuwar Gumel ko Gagarawa, ga Salla ta matso, kowa na saye. Na ba likita shawara mu kira jami'an iyaka. Ya ce a'a, in aka kira su yau, gobe babu mai biyowa ta gabanmu. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarmar dattijon.

Alhaji Agali ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Tambaye shi, ɗan wane ne shi? Ga shi baƙi, an ce yana salla, amma da sunan Nasara. Ɓoye asalinsa ya yi ko sayarwa?"

Likita ya ga ina jin nauyin fassarawa, ya ce in faɗa masa yadda aka faɗa. Na faɗa masa. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ka gaya wa Baba, Smith da Turanci maƙeri ke nan. Da can a Ingila ana kiran mutum da sana'arsa, har kiran ya bi 'ya'ya da jikoki ya zama sunan gida. Da yake babu garin da ba shi da maƙeri, sunan ya fi kowane yawa a ƙasar, kuma masu shi ba dangin juna ba ne. Daga baya suka hau jirgin ruwa, suka kai shi Amurka da sauran ƙasashen da suka zauna."

Dattijon ya ce, "To kakanka ƙira ya yi wa Turawa?"

Likita ya ce, "A'a. Kakan kakana yana yaro aka kama shi a yaƙi a ƙasar Yarbawa, aka sayar, aka sa shi a jirgi. A teku aka tare jirgin, aka sauke su a Saliyo. Wani ɗan mishan mai suna Smith ya raine shi, ya liƙa masa sunansa. Da ya girma ya dawo Legas. Sunan da uwarsa ta raɗa masa babu wanda ya sani a gidanmu. Kakana ya musulunta, aka ce ya sauya sunan, ya ƙi. Ya ce wannan sunan kaɗai yaron nan da aka sayar ya dawo da shi."

Na fassara masa duka. Dillalai sun taru suna saurare. Alhaji Agali ya sauke amawalin da ya rufe bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a kara ba. Ya ce a hankali, "Mu ma akwai gidajen da ba su san sunan kakansu ba, sai na wanda ya riƙe shi."

Can sai ya tuntsire da dariya. "Ashe maƙeri ne! Yau maƙeri ne zai hana Buzu shiga kasuwa? Lallai duniya ta lalace!"

Wuri ya kaure da dariya. Na yi wa likita bayani cewa a nan maƙera da Buzaye abokan wasa ne, suna tsokanar juna ba a fushi, kuma da wuya ɗaya ya roƙi ɗaya abu ya hana shi. Likita ya gyara zama ya ce, "To ka gaya masa maƙeri na roƙo a kai shanun nan bayan gari."

Aka kai su. Alhaji Agali bai ci kasuwar Salla ba, kuma wasu daga cikin shanun sun mutu. Amma mun ware masu lafiya mun yi musu allura, likita na zuwa da kansa safe da yamma, yawancin garken ya tsira, ciwon kuma bai shiga kara ba. Daga nan, duk garken da ya ji yana tari a hanya, dattijon ke riga kowa aiko mana.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mai dabba ba ya miƙa maka igiya saboda kawai ka yi karatu. Yana so ya san wa ke tsaye a gabansa. In ya tambaye ku asalinku, ku zauna ku ba shi amsa, ko da amsar mai ɗaci ce.

An daɗe da mayar da likita Kudu, ina dab da ritaya, sai na ji ana ƙwala wa wani saurayi mai raƙuma kira a kara: "Simit! Simit!" Na tare shi na ce ina ya samo sunan nan. Ya ce sunansa na yanka Yusuf, jikan Alhaji Agali ne, kakansa ya sa masa. Na ce ya san ma'anarsa? Ya ce, "Ƙwarai. Wani maƙeri ne abokin kakana."