Motarmu ta mutu a gaban Wahala

Mun tashi daga Zongo da asubar Talata, ana fitowa daga masallaci, ni da Baba da yayana a kan sitiyari. Masu tambaya me ya sa kwana biyar ba a gan ni a shago ba, ga amsarku. Sokode muka nufa, wurin Baffa, ƙanin Baba, da ke kwance.

Shekara goma sha huɗu ba sa magana. Lokacin da kakarmu ta rasu a Sokode, Baba yana kan hanya, Baffa ya sa aka yi mata sutura aka kai ta kafin ya iso. Baba ya sauka ya tarar ana dawowa daga maƙabarta. Tun daga ranar ko sunan Baffa ba a ambata a gabansa. Ranar Litinin da yamma ɗiyar Baffa ta kira ni tana kuka, ta ce jiki ya yi tsanani, kuma yayansa kawai yake nema. Na faɗa wa Baba yana wanke wuƙaƙen fawarsa. Sai da ya goge ta ƙarshe, sannan ya ce wa yayana ya zuba mai a mota.

Fita daga Lome da sassafe ba laifi, ban da 'yan zemijan masu babur da ke kutsawa ta kowane gefe kamar titin gadonsu ne. Bayan Tsevie sai manyan motocin Burkina, jere, suna tafiya kamar ba sa so. Damina ce, masara ta kai ƙirji hagu da dama. A Notse mata masu abarba suka rufe mu, kowa na cusa tata ta taga, ga araha, rabin kuɗin Lome. Na sayi koko da ƙosai. Baba ya riƙe nasa har ya huce bai kurɓa ba.

Akwai wani gari a hanyar da ake kira Wahala. Duk wanda ya bi titin nan ya san allon, kuma ba a wuce shi ba a yi zolaya ba. Yayana ya ce, "To, mun wuce wahala ke nan." Har Baba sai da ya murmusa. Ba mu yi minti ashirin ba wari ya cika motar, tururi ya taso daga gaba, injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Da sauran gudunta muka gangara gefen titi a wani ɗan ƙauye da ko allon suna ban gani ba. Ƙarfe tara da 'yan mintoci.

Ƙauyen duka a kallo ɗaya ake ganinsa: gidajen laka masu rufin kwano, ƙaramin coci, famfon tuƙa-tuƙa, teburin fetur a kwalabe, da wata mata mai soya doya a gindin mangwaro. Ita ta fara tasowa. Na yi mata magana da Mina, yaren Lome, ta ce akwai bakanike ɗaya, amma yana gona. Mijinta ya hau keke ya tafi kiransa. Ta kakkaɓe bencinta ta ce, "Papa, zauna."

Muka dinga tsayar da motocin haya. Duk cike suke, wasu ko rage gudu ba sa yi. Wajen sha ɗaya wata bas ta tsaya, wurin mutum ɗaya ya rage. Na ce, "Baba, ka shiga, mu za mu biyo ka." Ya miƙe, ya kai hannu ƙofar, sai ya tsaya. Direba na ta danna ham. Baba ya saki ƙofar ya ce, "Tare muka zo, mu jira tamu." A lokacin na ji haushi. Yanzu ina ganin tsoron shiga ɗakin Baffa shi kaɗai ne ya kama shi.

Bakaniken ya iso da rana tsaka, laka har gwiwa, dattijo marar yawan magana. Ya leƙa, ya taɓa, ya ce famfon ruwan injin ne ya ci, kuma sai a Atakpame za a samu wani. Aka cire tsohon, yayana ya ƙunshe shi a tsumma ya hau bayan babur. Ni da Baba muka zauna muna kallon motoci suna wucewa arewa.

Kiran ya shigo kafin azahar. Da na ga sunan ɗiyar Baffa na kasa ɗauka sai a ƙara na uku. Ta ce ya cika. Sai wani cikin dattawan unguwarsu ya karɓi wayar, ya ce a ba shi Alhaji. Na sa a kunnen Baba, ina jin muryar: ana zafi, malamai sun ce bayan la'asar, amma in ya ce a jira shi, za a jira.

Baba ya daɗe yana kallon motar, bakinta a buɗe, ƙarafa zube a ƙasa. Sannan ya ce, "Kada ku jira ni. Ku kai shi."

Ya miƙo mini wayar. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe ba raini ba ne."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, a bakin titi, a garin da ba wanda ya san shi.

Mai doyar ba ta jin Hausa, amma ba sai da aka faɗa mata ba. Ta kashe rediyonta. Ta ɗebo ruwa a bokiti don alwala, ta shiga gida ta fito da wankakken zane ta shimfiɗa masa, ta tambaye ni ina muke fuskanta. Bayan ya idar, wasu tsofaffi uku suka zo suka zauna gefensa, suka cire hulunansu. Ta zubo doya da yaji, ta rantse mini man bai taɓa ganin alade ba. Baba ya ci yanka biyu don kada ta ji ba daɗi.

Lokacin da ake sallar Baffa, yayana ya dawo da sabon famfon, bakanike na kwance ƙarƙashin motarmu. Ƙarfe biyar ta tashi. Baba ya ce ba sauran gaggawa, muka kwana a Atakpame, da hantsin Laraba muka shiga Sokode. Kai tsaye maƙabarta ya sa aka kai shi, ya daɗe tsaye a kan ɗanyar ƙasar. A gida ɗiyar Baffa ta gaya mini duk sanda Baffa ya farka sai ya tambaya, "Sun wuce Blitta?" Wanda ya wuce garin Blitta ya kusa Sokode. Na roƙe ta kada ta faɗa wa Baba.

Asabar muka juyo. Da muka zo ƙauyen Baba ya ce a tsaya, ya sauka ya yi wa matar godiya da Minarsa mai karyewa. Da magariba muka shiga Zongo, maƙwabta sun cika ƙofar gida suna jiran yin gaisuwa.

Abin da na koya a tafiyar nan kaɗan ne, kuma ba mai daɗi ba. A duba mota sosai kafin a hau doguwar hanya. In wuri ɗaya ya samu, a tura wanda ake jira ko da yana turjewa. Kuma mutanen da muke wucewa a guje ba mu ko kalle su ba, su ne ke shimfiɗa wa baƙo zane ranar da ya rasa inda zai sa goshi.

Yayana har yau bai yafe wa kansa ba. Jiya na ji yana cewa zai sayar da motar, ya tsani ganinta. Baba na zaune a ƙofar ɗaki da carbi, bai koma kasuwa ba tukuna. Ya ce, "Ka bar motar nan. Ba ita ta makarar da ni ba."