Babu Mai Canjinka

Lokacin da nake sojan sama a Abuja, aikina ba jiragen soja izinin tashi da sauka. Mun yi ƙaranci, har mutum kan wuni ya kwana a kujera ɗaya, kuma ba ka tashi sai wani ya karɓe ka. Ranar da mahaifiyata ta rasu a Tudun Ƙofa, na roƙi ogana ya zauna mini, tunda shi ma ya iya aikin. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Babu mai canjinka." Aka binne ta ba na nan.

Bayan mun yi ritaya, tsadar Abuja ta koro shi Keffi, inda nake zaune. Muka haɗu a jana'izar wani maƙwabci. Ya sa kafaɗa a makara, ina bayansa, ni ya kamata in karɓe shi. Hanyar maƙabarta da nisa. Na ga wuyansa yana rawa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya waiwayo yana roƙona da ido.

Na matso daf da kunnensa, na ce, "Ranka ya daɗe, babu mai canjinka."