Hoton Ƙirjin Inna

Shekarun baya, lokacin ina jami'a a Sakkwato ina digirin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti, duk ƙauyenmu Tsamaye da "mai hoto" aka san ni. In na je hutu sai a aiko wai in zo wurin suna da kyamara. Ni kuma da iyayina na ɗan jami'a, sai in tsaya ina zuba musu lacca kan huhu da haƙarƙari. Su gyaɗa kai, sannan su tambaya ko ina yin mai kala.

Ina ajin ƙarshe tari ya kama mahaifiyata. Ta ce ƙaiƙayin sussuka ne. Kaka ta wuce, tari bai wuce ba, ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Da ƙyar ta yarda aka ɗauko ta a mashin zuwa Sabon Birni, daga nan mota ta kawo ta asibitin da nake koyon aiki. Likita ya ce a yi hoton ƙirji. Na roƙi ogana ya bar ni in ɗauka da hannuna, ya amince, ya tsaya a gefe.

Ta shigo da atamfarta ta Sallah, ga kwalli, ga sarƙa.

Na ce, "Inna, sai kin cire sarƙar, ki sa wannan rigar."

Ta ce, "Kai, wanga wane irin hoto na? Ni da niy yi kwalliya saboda kai?"

Har ogana ya yi dariya. Na jingina ƙirjinta da allon, na koma bayan gilashi. "Ja numfashi sosai, Inna. Riƙe."

Hoton ya fito a kwamfuta. Wani farin dunƙule ya cinye rabin huhunta na dama, irin wanda malaminmu kan nuna a aji ya ce in ya kai haka sai addu'a. Ban san na daskare ba sai da ogana ya dafa ni.

Ya ce, "Ce mata ta saki."

Ashe tana nan riƙe da numfashin, kafaɗunta na rawa, tana jiran izinina.

Tana ɗaura sarƙarta ta ce, "To, mi kag gani?"

Abin da aka fi nanata mana a makaranta shi ne namu ɗauka ne, bayani na likita ne. Na fake da wannan. Na ce, "Likita ne zai yi bayani, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "To, Allah shi yi ma albarka." Ba ta sake tambayata ba. Ta rasu kafin in rubuta jarrabawar ƙarshe.

Mutane na cewa ilimi haske ne, ban musa ba. Amma ni nawa ido ya ba ni, bai ba ni hannu ba. Na riga kowa ganin abin da zai raba ni da ita, ban iya rage mata ko tari ɗaya ba, kuma wannan baƙin cikin bai taɓa sakina ba.

Yau aikin nake ci da shi. Kusan kullum sai wata tsohuwa ta dube ni ta ce me na gani, in ba ta amsar da na ba Inna. Daidai ce, haka ƙa'idar take. Sai dai ita ranar nan ba ma'aikaci ta tambaya ba, ɗanta ta tambaya.